Takardar Sule Ɗaya

A shekarata ta uku ta koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma na tabbatar albashin malami ba ya kai ƙarshen wata, ko da an ja shi kamar danƙo. Gona ba ni da ta kirki, jarin tireda kuma babu. Abin da na mallaka shi ne na iya rubutu, ga kuma bakin tambaya. Sai na ce to, bari in gwada sayar da abin da na sani.

Kusa da tashar mota akwai wani Kirista, mutumin kudancin Zariya, da ke da ɗan shago mai tafireta da tsohon injin gurza takardu. Shi ke buga wa mutane wasiƙu da katin biki. Nakan kai masa rubutuna ya buga, ya ɗaura a injin, yana murza hannu takardu suna faɗowa, tawada har gwiwar hannunsa. Shafi ɗaya ne, gaba da baya, kuma na sa masa kuɗi sule ɗaya, don kada mai saye ya tsaya dogon tunani.

Ta farko ita ce yadda ake rubuta takardar neman aiki. Samarin da suka gama makaranta suka wawashe ta. Na bi da ta kiwon kaji, sannan ta haɗa sabulu, wadda ni kaina ban taɓa haɗawa ba, tambaya na yi na rubuta. Ranar kasuwa da an tashi daga makaranta sai in ɗaure jaka a bayan keke, in shimfiɗa tabarma, in danne takarduna da duwatsu. Nan da nan aka laƙaba mini Malam mai takarda, ni kuwa kaina ya fara girma, har na sayi tabarau alhali idona garau yake.

Da kaka ta yi, wake ya yi kyau a wannan shekarar, na ga kowa zancensa ɗaya ne: yadda za a ajiye shi ƙwari ba su cinye ba. Na yi 'yan tambayoyina, na leƙa wani tsohon littafin aikin gona, na rubuta sabuwar takarda. Mai shagon ya karanta yana bugawa, sai ya ɗago kai.

"Ticha, wannan fa ta manoma ce. Wa zai karanta musu?"

Na ce masa yanzu wane gida ne babu ɗan boko? Ya ce in bari ya zana hotuna ko da biyu ne a ƙasa. Na ƙi, don hoto zai ci wuri, ya ja shafi na biyu, riba ta ragu. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da aikinsa.

A kasuwar Kurfi na fara baje ta, ina ta ƙwala kira: "Takardar hana wake ƙwari! Sule ɗaya!" Ban taɓa ciniki irin na ranar ba. Cikin masu saye akwai wani dattijo siriri, mai farin gemu, ya ce daga Birci yake. Ya tsugunna gabana, bai yi gaggawa ba.

"Malam, wagga takarda, da gaske tana hana ƙwari?"

"Baba, ko ɗaya ba za ka gani ba."

Sai ya ba ni labarinsa, ban tambaye shi ba. Shanun huɗarsa biyu ne, ɗaya ya mutu da damina. Bana Allah ya ba shi wake, ya ƙudura ba zai sayar yanzu da araha ba, zai riƙe shi har bazara ya yi tsada, ya sayi wani san kafin ruwa ya sauka. In bai samu ba, shi da garmar hannu ne, ga shi ƙarfi ya tafi. Ya karɓi takardar da hannu biyu, bai ko kalli rubutun ba, ya naɗe ta ƙanana ƙanana ya cusa cikin hula. Ya miƙo sulena, ya ƙara wani a kai.

"Ga kahin alƙalami, Malam."

Kafin alƙalami dai shi ne abin da ake ba malamin da ya yi wa mutum rubutun laya. Na ɗauka barkwancin tsofaffi ne, na yi dariya na jefa aljihu. Mutane na jira a bayansa, ban ce masa komai ba.

Wata uku ko fiye da haka suka wuce. Ran nan a Kurfin, takalmina ya tsinke, na kai wa wani baduku da ke bakin rumfunan 'yan fata. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, Malam mai takarda! Ai kai ba ka biyan ɗinki nan. Kai da ka kawo mani kasuwa?"

Na ce wace kasuwa? Ya ce tun kaka mutanen ƙauye ke kawo masa takardata ta wake yana rufe musu ita da jar fata, har da ɗan maratayi, su je su rataye a rumbu. Wallahi dariya na fara yi, har da riƙe ciki. Ina cikin dariyar sai dattijon Birci ya faɗo mini a rai. Na kwatanta shi. Baduku ya ce ƙwarai, ai shi ne ma na farko, kuma fata mai kyau ya zaɓa.

Nan take na daina dariya. Abin da ya kamata shi ne in hau keke daga nan in wuce Birci, tunda a kan hanyata ta komawa take. Ban yi ba. Na ce rana ta yi, sai wani satin. Wani satin jarrabawa ta zo. Na gaba na ce ƙafar kekena ba ta da ƙwari. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni: in je in tsaya gaban sa'an ubana in ce masa bai fahimci abin da ya saya ba, in kuma ce ni na gani na yi shiru. Na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila wani ya karanta masa. Haka na cinye sati uku, ƙwari kuwa ba su san jarrabawa ba.

Wata Asabar da hantsi na je. Ban sha wahalar samun gidan ba. Ya fito ya tarbe ni da murna kamar na zo masa da kyauta, ya sa aka kawo fura. Na kasa sha. Na ce, "Baba, mu duba waken nan."

"Ai ban buɗe shi ba tun da na zuba. Mi za ya same shi?"

Rumbun ƙasa ne a bayan gida. Ya jingina tsani, ni na hau, na ɗaga jinkar. Layar na nan rataye daga ciki, ja wur, tana lilo. Wani ɗumi da wari suka bugi fuskata. Na zura hannu na damƙo, sai na ji abu na motsi a tafina. Kowace ƙwaya ta huje, wata huji uku, wata huɗu, na matsa ta koma gari. Na zura hannu har kafaɗa ko na ƙasa ya tsira. Duk ɗaya ne.

Na sauko na buɗe masa hannuna. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na yi masa bayani ina in'ina, cewa takardar ba ta ratayewa ba ce, bayani ne a ciki, karantawa ake yi a aikata.

Ya zauna a kan turmi. "To, karanta mani in ji abin da ke ciki."

Akwai sauran kwafi a jakata. Na zaro ɗaya na karanta, da muryar da nake karanta wa 'yan aji. A shanya wake ya bushe ƙarau. A tankaɗe toka mai sanyi, a cuɗa shi da ita sosai. A zuba busasshen barkono. A rufe, a liƙe bakin da laka. Ina kaiwa ƙarshe na ga yana kallona.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Toka da tanka," ya ce a hankali. "Malam, ai haka uwata ka yi. Haka ni ma nike yi tun ina saurayi, ban taɓa hwashi ba. Bana ɗai na bari, don na ga na samu na malamai."

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba. Na tsaya riƙe da takardar, na rasa inda zan sa ta. Shi kuwa ya miƙe da ƙyar, ya leƙa cikin gida ya ce a kawo ƙwarya da faifai, a ga ko za a sami abin da awaki za su ci.