Tsohon da Ya Mai da Ni Gandiroba

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni ɗan gaye ne a Aston, bakina ya fi rediyo, ina aikin kula da tsofaffi a wani care home. Shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ne, council, wato ƙaramar hukuma, ta zabtare ma'aikata, har ya zama ni kaɗai nake da tsofaffin da za su cika motar bas biyu.

Cikinsu akwai wani Bature ɗan Holan, ya haura casa'in. Matuƙin jirgin yaƙi ne a yaƙin Hitila, Jamusawa suka harbo shi, suka kulle shi a sansani, ya sulale ya bar su da hamma. Baba nake ce masa. Kullum ina tsokanarsa, wai wanda ya tsere wa Jamus ga shi ya kasa tsere wa kofin magani. Sai ya yi murmushi kawai.

Kun san mu da rakiya, baƙo ba ya tafiya mu tsaya kallo. Duk wanda ya zo ziyara sai na taka masa har ƙofa. Baba kuma ya biyo ni da sandarsa, yana yabon tarbiyyar mutanenmu, kaina na kumbura ina danna lambobin sirri na buɗe ƙofa a gabansa. Ashe yatsuna yake karantawa.

Wata Laraba da hantsi aka nemi Baba aka rasa. Sai Manchester 'yan sanda suka tsinto shi, a Old Trafford, ƙofar gidan da ya zauna da marigayiya matarsa. Manaja ta ɗora min komai, ta sallame ni. Na yi watanni ina cin taliya ba miya.

Na rantse sai na rama. Na sayi kilishin da ya fi takalmi tauri, na kai masa ziyara, don na san ba shi da haƙori ko ɗaya. Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya saurara tsaf yana tsotsar kilishina kamar alewa, sannan ya ce, "Yaro, a sansani ma in za mu tsere, mai gadin da ya fi kirki muke zaɓa."

Wallahi har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa. Ya rasu ban rama ba. Manaja kuwa Allah ya isa, ban janye ba.

'Yan'uwa masu wannan aiki, ku yi ladabi, ku yi rakiya, amma ku kare lambobin da tafin hannu. Tsohon da kuke share wa baki, wataƙila a idonsa ku gandirobobi ne.