Gahawar da Muka Shuka Bayan Rumbu

Shekaranjiya matar jikana ta ɗora gyaɗa a kasko, ta tafi bakin katanga hira da maƙwabciya, gyaɗa ta kama ƙonewa. Ƙaurin ya bi ƙofa ya iske ni a ɗaki. Na yunƙura zan wanke ta da faɗa, don ni ba na ganin ɓarna in kawar da kai, amma sai na koma na zauna. Ba gyaɗa hancina ya ji ba. Gahawa ya ji a kaskon kakata, a nan Illela, tun tana 'yan gidaje da rijiya, tun ba mu san wani mai iko ba sai Sarkin Musulmi, kafin Nasara su ja iyaka tsakaninmu da Ƙwanni.

Kakana malami ne, kuma manomi kamar kowa. Tun yana saurayi ya tafi hajji a ƙasa, ya yi shekaru a hanya, yana tafe yana yada zango yana ƙwadago. Ya dawo da abu biyu da ba su rabu da shi ba: ciwon fuka da shan gahawa. Ta biyun ce maganin na farkon. Idan fukar ta taso masa, sai ka ji ƙirjinsa yana fito, ya dafa gwiwoyi yana neman iska, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. An gwada rubutu, an gwada hayaƙi, an gwada saiwoyin da Fulanin ruga suka kawo. Babu abin da ke kwance masa ƙirji sai gahawa mai kauri, baƙa wuluk, kurɓi uku ko huɗu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce uwata.

Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni, kuma ita kaɗai ce mai taɓa kayan gahawar. Akwai kaskon ƙarfe ɗan ƙarami mai dogon hannu da ya zo da shi daga gabas. Akwai ɗan tulu mai siririn wuya, wanda na asalin ya fashe tun ba a haife ni ba, maginiyar garinmu ta kwaikwaya ta yi wani mai karkataccen baki. Sai ɗan turmin ƙirya da bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, da taɓaryarsa ta ƙarfe. Wannan turmi bai san daddawa ba, bai san barkono ba. Ranar da na jefa ƙuli-ƙuli a ciki na daka, na sha dukan da har yau idan na tuna sai na shafa bayana.

Ɗanyar gahawa ba ta da wani kyan gani. Ƙwayoyi ne masu launin tsanwa-tsanwa da ya koɗe, da tsaga a tsakiya kamar ƙwallon dabino, ga tauri, ba ƙanshi sai na tsohuwar harawa. Kakata za ta zuba a faifai ta tsince tsakuwa, ta hura gawayi har harshen wuta ya kwanta, sannan ta ɗora kasko. Daga nan ba ta amsa sallamar kowa. Tana kaɗawa tana juyawa da ɗan tsinke, ƙwayoyin su yi ruwan ƙasa, su fara ƙas-ƙas, su yi gumi. Da kunne take gane sun yi, ba da ido ba. Sai ta juye a faifai, ni in yi ta fifita har su huce. Dakan nawa ne tun ina shekara tara, tare da ɗan yankin citta da kanumfari biyu. Idan ƙarar ɗan turmin ta tashi, kakana yana daga zaure yake fara samun sauƙi, tun ruwan bai tafasa ba.

Wahalar duk wajen samun ɗanyar take. Ba a noma ta a ƙasarmu, ba a kasa ta a kasuwa. Sai dai alhazan da suka dawo su kawo ɗan ƙulli, ko fataken Larabawa masu biyo ayari daga arewa, waɗanda ke riƙe da ita don shan kansu, a yi ta roƙo da kamun ƙafa kafin su rage maka mudu guda. Kakata tana ajiye ta a wata zabira ta fata, a cikin tukunya, a ƙarƙashin gadonta.

Shekarar da nake ba ka labari, ayari bai zo ba. Hanyoyi sun ɓaci, ana ta jin maganar yaƙi daga arewa da yamma, alhazai ma ba wanda ya dawo. Babana ya je Ƙwanni sau uku ya dawo hannu wofi. Ƙarshen bazara abin da ya rage a zabira bai fi cikin tafi biyu ba, ga damina ta matso, kuma da damina ciwon ya fi tsanani. Babana ya ɗaura wa jakinsa kaya ya nufi Sakkwato, inda aka ce akwai Larabawan da ke zaune. Ya ce kwana goma zai yi.

Ruwan shuka ya sauka bayan tafiyarsa da kwana biyu. Gari ya watse gona, ƙasa tana ƙanshi. Ina zaune kusa da kakata tana tsintar 'yan ƙwayoyin nan a faifai, tana juya su da yatsa kamar za su ƙaru, sai na ce, “Kaka, wanga abu ba ɗiyan shibka na ba? Mi zai hana mu shibka shi kamar wake?”

“Ruhe mani baki, ɗiyag ga,” in ji ta. Amma ta daina juya ƙwayoyin.

Ka fahimci irin mutanen da muke. A gidanmu ko yunwa ta kai inda ta kai, ba a cin iri. Na ga kakata ta kwana da ruwan tsamiya a ciki, ga damin geron iri a rataye a kanta, ba ta ko ɗaga ido ba. A wurinta duk ƙwayar da ta zo ƙarshe ta ƙasa ce. Wake wata biyu da 'yan kwanaki yake yi ya ba da 'ya'ya. Ta lissafa cewa kafin kaka ta yi, Malam ya huta da jiran Larabawa har abada. Ba ta tambaye shi ba, don ta san zai hana, shi kuma duk labaran gabas da yake bayarwa, bai taɓa faɗin yadda uwar gahawa take ba.

Da hantsi washegari, yana zaure da ɗalibansa, ta yafito ni. Ta ware abin da zai isa dahuwa biyu ta mayar zabira, sauran ta ƙulle a bakin zane. Muka zaga bayan rumbu, inda tokar murhu da kashin awaki suka taru. Ta sara ramuka da hauya, ni ina jefa uku-uku ina rufewa da diddige, yadda aka koya mini. Ta yi bisimilla a kan kowane rami, ta kewaye wurin da ƙaya saboda kaji.

“In kinka hwaɗa ma Malam, ni da ke na,” ta ce.

Safe da yamma ina kai ruwa da ƙwarya, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Gero ya tsiro a gonaki, wake ya tsiro, har ciyawar da ba wanda ya gayyata ta tsiro a cikin ramukanmu. Gahawa shiru. Wata rana kakana ya tare ni ina tafe da ƙwarya.

“Uwata, mi kike ba ruwa kullum bayan rumbu?”

“Lalle na, Malam.”

“To, Allah shi raya.”

Ƙaryar farko ke nan da na taɓa yi masa, kuma ta fito mini sumul, abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yanzu.

Kwana goma suka cika, babana bai dawo ba. Fuka ta taso, aka dafa kashi ɗaya. Bayan kwana huɗu ta sake tasowa, aka dafa na biyu, kakata ta zazzage zabira har ƙurar ƙasanta. Garin da aka tace ma ba ta zubar ba, ta shanya ta sake dafawa har ya koma ruwan banza. Daga nan tsoro ya shige ta sosai. Ta daina cin abincin kirki. Duk wanda ya shigo gari daga kudu sai ta aike ni in tambaye shi ko ya ga wani mutum da jaki mai yankakken kunne. Ta aika ruga, ta aika Amarawa wurin wani tsohon da aka ce ya taɓa zuwa gabas, aka dawo aka ce ya rasu tun bara. Da ta rasa yadda za ta yi, ta fiddo tsofaffin 'ya'yan rai-ɗore, ta soya su a kaskon, na daka da citta mai yawa. Launin ya yi, ƙaurin ma ya so ya yi. Kakana ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dube ta.

“Wanga ɗan gida na,” ya ce. “Na gode, amma ƙirjina bai san shi ba.”

Ranar da abin ya kai maƙura, da la'asar ne, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta tsaya cik. Ɗalibai suka kamo shi daga zaure suka zaunar da shi a ƙofar ɗaki. Wannan karon ko fiton ba ya fita sosai. Leɓunansa sun canza launi, idanunsa suna bin kakata duk inda ta yi. Bai roƙi komai ba, don ya ɗauka gahawa ta ƙare ne kamar yadda abu ke ƙarewa.

Kakata ta kwasa da gudu bayan rumbu, ina biye. Ba ta tsaya neman hauya ba. Ta fizge ƙayar da hannu, ta durƙusa tana tonon ramukan da farce, tana cewa, “Tona, tona, ke ma tona.” Muka yi ta tono, ruwa ya fara sauka a bayanmu. Abin da muka samu ya kumbura ya yi baƙi, kana taɓawa yana narkewa a yatsa, yana warin ruɓa. Wasu gara ta cinye ta bar ɓawo. A duk ramukan nan, waɗanda suka rage da ɗan tauri ba su cika cokali ba. Ta wanke su, ta watsa a kasko jiƙe, suka yi ta tururi sun ƙi soyuwa, yatsunta suna jini a kan hannun kaskon. Na daka ina kuka, abin yana manne wa taɓarya. Da aka kai masa, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Ƙasa ce kawai da ruwan zafi.

Nan kakata ta zube a gabansa.

“Malam, ni na cuce ka. Ba ƙarewa tay yi ba. Bizne ta niy yi bayan rumbu, ina cewa za ta hita.”

Ya dube ta. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka mutuwa ce ta zo, ashe dariya yake nema ba shi da iskar yin ta. Maganar ta fito guntu-guntu.

“Ba ta hita. Ni ma na shibka. Shekarad da nid dawo, da wadda tab bi mata. Sau ukku, bakin hwadama. Icce na, na kan duwatsu. Ba ta son ƙasarmu.”

“Mi yah hana ka hwaɗa mani?”

“Kunya.”

Shekara talatin da wani abu suna tare, yana ba ta labarin teku da raƙuma da kaburburan hanya, amma bai iya gaya mata cewa ya taɓa yin shuka ta ƙi shi ba.

Ya ƙara kwana uku a zaune, don ba ya iya kwanciya. Rana ta huɗu da hantsi ya cika, kansa a kafaɗar kakata. Babana ya iso ana gobe sadakar bakwai, a ƙasa, ƙafafunsa a kumbure. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a hanya, jakin kuma ya bayar da shi a bakin gahawar da ta kusa cika ƙwarya. Kakata ta karɓa ta ajiye. Washegari ta soye ta duka a kasko bayan kasko, na daka har tafina ya yi kanta, aka dafa aka fitar wa masu zaman makoki. Mafi yawansu ba su taɓa sha ba. Ina leƙe ta zana ina ganinsu suna kurɓa suna yamutsa fuska, suna fakar ido suna zubarwa a gindin bango.

Yanzu gahawa a gwangwani take zuwa, gari ne, ba soyawa ba daka. Kowane mai shayi a bakin iyaka yana da ita, yaran babur suna sha da madara su biya da naira ko da sefa. Idan ka nuna musu ɗanyarta ba za su san mece ce ba. Fuka ma an ce akwai abin da ake fesawa a baki a asibiti, mutum ya miƙe ya ci gaba da harkarsa. Ina murna da wannan, kuma ina jin haushinsa, duka biyun.

Jikokina suna yi mini tsiya wai ba ni da sirri, wai duk abin da na taɓa gwadawa ya ƙi, sai na tara su na ba su labari, tun daga rinin da ya ɓaci har albasar da na dasa ba a kan lokaci ba. Su yi ta faɗi. Mu uku, ni da kakata da kakana, muka zauna a gida ɗaya muna son juna, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abin da zai cece shi. Kakata ta mutu tana cewa laifinta ne. Ni kuwa na fi shekara saba'in ina neman wanda zan ɗora wa, kuma duk ta inda na biyo, ni ce dai na ce a shuka.