Jikokin Ƙudajen Matata

Ni tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne. Na sha zagi a fili har kunnena ya saba, don haka ba na saurin yabon mutum. Amma matata kam zan yaba, wanda ya ga na yi son kai ya je ya kai ƙara.

Dakta nake ce mata, ita kuma ta ce mini Alƙali. 'Yar mai gyaran agogo ce, a shagon mahaifinta ta koyi zama wuri guda tana duban ƙaramin abu har wuya ya ƙage. Aikinta binciken ƙwayoyin gado, wato abin da ke cikin jiki da yake sa ɗa ya ɗauko hancin ubansa. Sai dai ita ba hanci ta sa a gaba ba. Abin da ya ɗauke mata hankali tun tana ɗaliba shi ne ƙwayar gadon da take nan lafiya lau, ba ta lalace ba, amma jiki ya rufe mata baki ta daina aiki. Farkon haɗuwarmu na ce ban gane ba. Ta karɓi tikitin filin wasa da ke hannuna, ta nannaɗe shi tam, ta miƙo mini.

"Karanta."

"Ta ina? Kin naɗe shi."

"Rubutun yana nan ko ya goge?"

"Yana nan."

"To haka jiki yake yi. Ni kuma so nake in san wa ke naɗewa, wa ke warwarewa."

Da ƙudaje take aikin, ƙananan nan masu zagaya ayaba in ta nuna da yawa. Nata idonsu dabbare-dabbare ne, ja da fari, domin ƙwayar da ke ba ido launin ja tana aiki a wani gefen, a wani gefen kuma an naɗe ta. Ɗakinta yana ƙarshen baranda a cibiyar bincike, taga ɗaya ce da shi, tana kallon wurin ajiye motoci. Kana buɗe ƙofa warin yis ɗin abincin ƙudajen zai mare ka. Kwalaben ƙudaje ne jere bisa kanta, kowace an toshe ta da auduga, ga akwatuna biyu masu kama da firij, ɗaya da ɗumi ɗaya da sanyi-sanyi, ga madubin ƙara girma da kujerar da ta ƙi yarda a canza mata duk da ta yage. A ƙarƙashin teburin nan 'yarmu ta koyi rubutu.

Yayata ba ta taɓa barin zancen ya huce ba. Duk zuwanta gidanmu sai ta ce, "Duniya na neman maganin ƙuda, ƙanina ya auro mai dafa musu abinci." Dakta sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, su dai ba sa kushe girkina." Ban taɓa yin tafiya mai tsawo da iyalina ba, saboda ƙudaje ba su san hutu ba. Na yi mita, ba zan ɓoye ba, amma ni nake kai ta da safe.

Ana nan ta gano abin da ya fito da sunanta. Ƙudan da ya tashi a akwatin ɗumi, jan idonsa ya fi yawa, ɗumin yana warware abin da aka naɗe. Ta mayar da 'ya'yansa akwatin sanyi, su ma jan ya bi su, alhali ba su taɓa jin ɗumin ba. Ta ce har jikoki ta gani. Wannan maganar jikokin ita ta tayar da ƙura. Aka buga aikin a mujalla, aka gayyace ta taruka, ni ma na ɗinka sabuwar riga na zauna a sahun gaba ina gyaɗa kai kamar na gane. Daga nan ta shafe shekaru tana niƙa ƙudaje tana ciro ƙwayoyinsu, tana neman abin da ke riƙe naɗin.

Sai wasu masana a wasu wuraren suka gwada. Na 'ya'ya ya fito musu, na jikoki shiru. Aka fara ƙus-ƙus cewa idon Dakta yana ganin abin da zuciyarta take so ne. Da na ji raina ya ɓaci sosai, na ce hassada ce. Ita kuwa sai ta rage cin abinci.

Shugaban cibiyar tsohon ɗalibinta ne, ita ta koya masa riƙe buroshin da ake juya ƙuda da shi. Ya zo har ɗakin, ya ƙi zama.

"Malama, kin san ana neman ɗakin nan. In maganar jikoki ta tabbata, ba mai taɓa ki, ni zan tsaya. In ba ta tabbata ba, ƙarshen shekara za a ba wasu. Ki gafarce ni."

"Aikinka kake yi," in ji ta. "Ka ba ni lokaci in sake gwadawa."

Ta sake kiwon su tun daga kakanni. Da jikoki suka fito, wata Asabar da safe ta ce in raka ta, ta ba ni baƙin salatif irin na masu gyaran wuta.

"Kowace kwalba da rubutu a jikinta, na jikokin ɗumi da na jikokin sanyi. Zan fita. Ka rufe rubutun, ka cakuɗa su yadda ba zan san wace ce wace ba. In ido na gaskiya nake da shi, zan raba su ba tare da na ga rubutu ba."

"Me ya sa ni? Ga ɗalibanki."

"Su suna jin nauyina. Kai kuwa ka taɓa ba ƙanin mahaifiyarka jan kati."

Gaskiya ne, kuma ya cancanta.

Na naɗe su tsaf, na cakuɗa, ta dawo ta zauna. Sai ta sumar da ƙudajen kwalba ɗaya da iskar gas, ta zube su ƙarƙashin madubi, ta duba idanunsu. Masu jan da yawa ta ajiye kwalbarsu dama, sauran hagu. In ta yi daidai, jikokin ɗumi duk za su taru a dama.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne irin idon da nake da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe fuskokin 'yan wasa a guje ba ya mance kwalba. Na san mai tsagaggen baki ta ɗumi ce, na san mai karkatacciyar auduga ta sanyi ce, da wasu da dama. Ina tsaye bayanta ina kallo ta kai mai tsagaggen baki hagu. Can ta kai mai karkatacciyar auduga dama. Duka biyun ta kuskure.

Ta ɗauki wata ta ɗumi, ta daɗe a kanta. Ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. Hannunta ya tsaya a tsakiya, bai yi dama ba bai yi hagu ba. Tari ɗaya zan yi ta gane, shekarun da muka yi tare sun kai haka. Sauran kwalaben ma da yawa irin wannan ne, na kan iyaka. Na dubi furfurar da ke ƙeyarta, na dubi kujerar nan yagaggiya. Na juya na fuskanci taga, na yi ta ƙirga motocin mutane har ta gama.

Tare muka ɓare salatif ɗin. A cakuɗe suke, dama da hagu, kamar wanda ya raba su ido rufe. Ta jawo takarda ta rubuta abin da ya fito yadda yake.

Ba ta jira an kira ta ba. Ranar Litinin ta kai wa shugaban, ta kuma nemi a ba ta fili a taron cibiyar. Na je, na zauna a baya wannan karon. Ta tsaya gaban ɗalibanta da masu ƙus-ƙus ɗin, ta ce maganar 'ya'ya tana nan daram, ga hujja. Maganar jikoki kuwa ita ta faɗe ta, ita ce kuma take janye ta, kada wani yaro ya ɓata shekarunsa a kai. Shugaban ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na taɓa busa wasan ƙarshe a gaban dubban mutane, amma ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Ɗakin dai an karɓe shi. Ƙudajen ta raba wa ɗalibai, madubin na cibiya ne, kujerar kawai muka sa a bayan mota. Na tayar da mota ke nan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Alƙali, ran nan ka san wace ce wace, ko?"

"Na san wasu."

"Na ji numfashinka ya canza. Ka so ka yi tari?"

"Na so ƙwarai."

Ta ɗora hannunta a kan nawa bisa giya.

"Da ka yi, da ɗakin yana nan," in ji ta. "Amma da ban san wa zan ƙara yarda da shi ba."