Zakaran Rufi Ya Yi Cara, Ba Wanda Ya Tashi

Da can a gidajenmu na Ƙonni, hanci ne mai gadin gobara. Wanda ya fara jin ƙauri shi ke kururuwa, maƙwabta su sheƙo da bokiti da ƙasa. Yanzu kuwa kowane ɗaki da wayar kuran, wato lantarki, da batirin sola a lungu, da katifar soso mai cin wuta kamar an zuba mata mai. Sa'ad da abin nan ya faru, ni dattijo ne da ya ajiye fataucin albasa bayan ya sha hanya: Abijan, Kumasi, Kwatano, har Tamanrasat. Ina jin Faransanci da Ingilishi da Zabarmanci da Fulatanci, kuma, Allah ya gafarta mini, ina son a san ina ji.

A wani masauki a Akara na fara ganin na'urar jin hayaƙi. Wani ya ƙona abinci, ta ɗauki ƙara, sai ga mutane suna gangarowa daga bene, wani ba takalmi, wani da kumfar sabulu a ka, ba wanda ya tsaya tambaya. Abin ya burge ni ƙwarai! Na sayo guda biyu. Na karanta takardarsu da ƙarfi cikin harsuna biyu don maiɗakina ta ji, na hau tsani na kafa su a tsakiyar rufi, nesa da madafa, yadda aka ce. Ɗaya a ɗakin baƙina, ɗaya a ɗakin da ke manne da shi, inda wana ke kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya tafiya, muryarsa ma ba ta kai bakin ƙofa. Dominsa na sayo su.

To, daga nan wautata ta fara. Duk baƙon da ya zo, kafin ya gama shan ruwa na kunna takarda na ɗaga ta sama. Na'ura ta tsala ihu, baƙo ya zabura ya zubar da shayi, ni ko in bushe da dariya in shiga ba shi labarin Akara. Masu gaisuwa daga Tajaye, tsoffin abokan fatauci daga Malbaza, ba wanda ya tsira. Abokaina suka raɗa mata suna zakaran Alhaji, wai zakaran da ba ya sanin asuba. Maiɗakina ta sha ce mini in bar wasa da abin nan, ko kaji sun daina gudu in ta yi kuka. Na ce mata gwaji nake yi, haka Turawa suka rubuta. Alhali abin da suka rubuta shi ne a danna maɓalli sau ɗaya a wata.

Wata rana da bazara, bayan azahar, ina ƙofar maƙwabci muna dara, sai ga ƙarar ta tashi daga gidana. Abokin wasana ya ce zakara ya yi cara, in tashi in yi sahur. Muka kwashe da dariya. Na ɗauka jikoki ne suka samu sanda suna danna maɓalli, na ci gaba da wasa, don ina gab da cinye shi. A cikin gida kuwa maiɗakina na tankaɗe, ta ce a ranta Alhaji ya sake samun baƙo. Kowa ya jingina da wani, alhali wayar fanka ce ta narke a ɗakin wana, wuta ta kama labule!

Wadda Allah ya turo ita ce wata Bafillata mai tallar nono, ranar ta fara shiga gidanmu. Ita ba ta taɓa jin kukan ba. Ta dire ƙwaryarta ta tambayi Hajiya wace dabba ake yankawa. Maiɗakina ta ce ta ƙyale, wasan maigida ne. Ta ce ita dai a rugarsu in abu ya yi irin wannan kuka ana leƙawa, kuma hancinta na jin ƙaurin roba. Ta nufi ɗakin, ta tura ƙofa, hayaƙi ya bugo ta. Ihunta ne ya tashe mu, ba na na'ura ba. Na watsar da dara na ruga, rawanina na warwarewa a baya. Na tarar ita da maiɗakina sun jawo wana a kan tabarma har tsakar gida, yana tari, gefen rigarsa ya babbake. Maƙwabta suka cire batirin sola, suka kashe wutar da ƙasa.

Wana ya kwana biyu a asibiti, ya dawo da ransa, alhamdulillahi. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Da ƙyar ya ce ranar yana jin zakaran na ta cara, yana kuma jin dariyata daga waje. Wannan magana ba za ta bar ni ba har kabari. Bafillatar kuwa, da na yi mata godiya da Fulatanci, cewa ta yi harshena ya yi yawa, kunne ne ya yi mini kaɗan.

Ƴan'uwa, ku sayi na'urar nan, tana ceton rai. Ku share mata ƙura, ku canja pil, wato ɗan batirinta, in ta fara ƴar tsuwa, amma kada ku mai da kukanta abin nishaɗi. Mutanen Akara ba su fi mu hankali ba, ba su dai saba jin ta a banza ba ne. Yanzu a gidana ana gwada ta ranar da aka ga wata kaɗai, kuma sai na bi ɗaki-ɗaki na sanar. Duk wata rana da ta yi kuka, kowa tashi yake, ni ne kuma na farko zuwa ɗakin wana.