Akwatin Gawa Marar Ƙusa

Mijina kafinta ne. A shekarun saba'in, muna sabon aure, mun kama haya a Malumfashi, kuma zauren gidan ne wurin aikinsa. A wurin 'yan mishan ya koyi sana'ar. Kujerun coci da tagogi su ne abincinmu, amma abin da ya fi so shi ne akwati mai haƙora. Bakin kowane katako sai ya yanka shi haƙora-haƙora, na wannan su shige tsakanin na wancan kamar mutum ya sarƙe yatsun hannuwansa. Kafin ya taɓa zarto sai ya zana su a kan kwali, faɗin kowane haƙori daidai da kaurin katakon, ya sa alama a kan waɗanda za a cire. Yakan bi gefen layi da zarto, domin in ya bi tsakiyarsa, ɗan abin da zarton ya ci ya isa ya sa haɗin ya riƙa girgiɗi.

Wata ranar kasuwa da rani, na kai masa ruwa zaure, na tarar da wani tsoho daga Ƙarfi zaune a kan benci. Dogo ne, manomin auduga, ɗan cocin ƙauyensu. Ya juya wani ƙaramin akwati a hannunsa, ya daɗe yana shafa kusurwar da babban yatsa.

"Malam kafinta, wannan babu ƙusa?"

"Babu, Baba. Haƙora ne da gam."

"To irinsa nake so. Amma tsawona."

Maigida ya yi dariya, ya ga tsohon bai yi ba, ya haɗiye tasa. Tsohon ya ce bara ya binne ɗansa, kuma a gabansa aka buga ƙusoshin murfin akwatin gawar. Tun daga ranar, in ya ji guduma ko daga nesa ne, sai abinci ya fita ransa.

"Ba na so matata ta ji wannan ƙarar sau biyu," in ji shi.

Na so maigida ya ƙi. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, kuma a gidanmu ba a yi wa mai rai tanadin kabari. Amma tun tsohon bai fita ba na ga ya jawo kwali.

Maigida ya sayo katakon maɗaci. Tsohon yakan zo kowace kasuwa a kan kekensa, ya zauna yana kallon yadda ake cire haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya kawo mini gyaɗa ko ɗanyar kuɓewa. "Ɗiyata, kin daina gaishe ni da fara'a," ya ce mini wata rana. Murfin ma maigida ya yi masa hanya a jikin katakon, a zura shi kawai ya rufe. Ranar da aka gama, tsohon ya tuɓe takalmansa ya shiga ya kwanta, ya ɗora hannuwa a ƙirji. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya buɗe ya ce kafaɗa ta yi daidai.

Matarsa ta ce ba za a shigar mata da akwatin gida ba. Sai tsohon ya roƙi maigida ya ajiye masa, aka jingine shi a lungun zaure aka rufe da tsohuwar tabarma.

Da damina ta sauka, katakon ya sha laima, haƙoran suka fara kumbura suna matse juna. Da rana tsaka, ina tsintar shinkafa a tsakar gida, sai in ji "ƙas" daga zaure, kamar an lanƙwasa yatsa. Maigida ya yi mini bayani, na kuma gane, amma na daina bi ta zauren in ba ya nan. Ta ƙofar maƙwabta nake fita.

Na haihu lafiya. Tsohon ya zo suna, ya riƙe jaririyar, ya leƙa ƙarƙashin tabarmar kafin ya tafi. Bayan an ɗebe auduga, ya ce wa matarsa za shi Funtua sayen maganin ido, ya bar kekensa wurin mai faci a tasha, ya shiga mota. Bai dawo ba.

An nema. Mazan cocinsu sun bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda har Zariya, maigida ma ya rufe zaure ya bi su. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Tsiga yana tambayar hanya. Wani ya ce a bakin titin jirgin ƙasa ya gan shi. Keken ya daɗe a wurin mai faci har tayoyin suka sace.

Akwatin kuwa yana nan. 'Yata ta yi rarrafe a gabansa, ta koyi tsayuwa tana dafa shi, ni kuma ina fizge ta. Sau da yawa an yi rasuwa cikin gaggawa an zo neman akwati, maigida ya gwammace ya bar duk aikin da ke gabansa ya yi sabo. "Da mai shi," yake cewa. Duk kasuwa, in keke ya tsaya a ƙofar gida, sai mu duka biyu mu ɗaga kai. Ba mu taɓa yin maganar ba.

Shekaru sun wuce, har 'yar ta shiga firamare. Wata safiya da kaka, wata tsohuwa ta yi sallama tare da fasto da samari a kan amalanken shanu. Ban taɓa ganinta ba, amma na san matar tsohon ce. Ta ƙi zama.

"Na gaji da sauraren ƙofa," ta ce wa maigida. "Ka ba ni kayansa."

Muka bi su Ƙarfi. A tsakar gidanta ta shimfiɗa babbar rigarsa a cikin akwatin, ta ajiye hularsa a wajen kai. Ta shiga rumbu ta fito da hauyarsa, ƙotar ta yi santsi da baƙi saboda riƙo, ta kwantar da ita a kan rigar. Maigida ya zura murfin, ya shige shiru.

An tona kabarin kusa da na ɗansu. Samarin da suka ɗauka sun yunƙura da ƙarfi irin na masu ɗaukar gawa, akwatin ya tashi sama da sauri har suka yi tangaɗi. Da aka zo saukarwa da igiya, gefen ƙafa ya riga na kai, hauyar ta zame a ciki ta bugi katako. Bugu ɗaya, daga ciki. Waƙar da ake rerawa ta tsaya. Wani saurayi ya saki igiyarsa ya ja da baya. Babu wanda ya motsa sai da tsohuwar ta ce, "Hauya ce. Ku ci gaba."

Aka tura ƙasa. Ta ciyar da mu tuwon dawa, ta tsaya a kan kowa sai ya ci. Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko ya taɓa faɗa mini inda yake son zuwa. Na ce a'a. Ta gyaɗa kai ta sake ni.

A motar komawa, muna tafe har muka hango gari. Sannan maigida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In ya dawo fa?"

Daga baya mun koma Funtua da zama, kusa da tasha. Na daɗe ina duba fuskar kowane dogon tsoho da ya sauko daga mota, har bayan na san cewa ko yana raye, tsufa ya wuce da shi inda ba zan iya gane shi ba.