Ranar da Na Kyautar da Gonar Mijina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har jikokina sai na yi ta kiran sunan wani kafin in dace da wanda nake nema. Amma guɗar da na rangaɗa a ƙofar gidan parti na Dogon Dutsi, wannan kam tana nan a raina har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Shekarun farko ne bayan Nasara ya bar mulki. Jam'iyya ɗaya ke riƙe da ƙasa, parti muke ce mata. Ta biyun an haramta ta, ko sunanta mutum ba ya kamawa sai ya waiwaya. Muna da gona a bakin gari, gefen hanyar mota, gadon maigidana tun daga kakansa. Ita ke ba mu gero da wake, ni ma ina da ɗan gefe na gyaɗa da nake ƙuli-ƙuli da ita.

Gari ya fara buɗewa, ma'aikata suna ta zuwa neman ɗakin haya. Sai masu gidajen haya da dillalan filaye suka haɗa kai suka yi ƙungiya. Shugabansu wani Alhaji ne mai taushin murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba, kuma abin da ya sa nake tsoronsa ke nan. Duk bikin parti su ne a gaba. Sa na yanka nasu ne, atamfar mata masu rawa tasu ce, har man motar baƙi. Daga baya suka yi shelar za su gina wa parti gida kyauta.

Wata safiya Alhajin ya yi mana sallama da ƙullin goro. Ina bayan dangar kara ina jinsu. Ya ce, “Ɗan laka kaɗai muka biɗa cikin gonakka, na tubalin gidan parti. Ai ba ka hana mu.” A wurinmu ba a hana maƙwabci ƙasar gini, abin kunya ne. Balle kuma ƙasar ginin parti, wanda ya hana ya faɗi ɓangarensa ke nan. Maigidana ya karɓi goro ya ce Allah ya sa alheri.

Ɗan laka ya zama aikin rani guda. Da ruwa ya sauka, rabin gonar ramuka ne cike da kwaɗi, rabin kuma tubali ne a jere, an ce kada a taɓa. Shekarar ba shuka. Kaka na yi sai ga masu awo da sarƙarsu, suna kafa ƙananan turaku na siminti. Aka ce ƙasar da ba a noma ba ta gwamnati ce, za a yanka ta filaye. Kowa a gari ya san hannun da filayen za su faɗa.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai wani Bafulatani da turakun suka toshe wa hanyar shanunsa zuwa rijiya. Ya kai kuka wurin kumandan, babban jami'in gwamnati na yankinmu. Kafin kasuwa ta zagayo aka ce yana saukar da mutanen haramtacciyar jam'iyya a rugarsa. Da idona na gan shi da rana tsaka a bayan kamiyo, babbar motar kaya, an ɗaure masa hannu da rawaninsa, an nufi Dosso da shi. Tun daga ranar abinci ya daina shiga mini.

Maigidana mutum ne mai shiru, amma in ya kafe ko jaki ya san da zamansa. Da aka ce minista zai zo daga Yamai buɗe gidan parti, sai ya ce shi zai tashi ya faɗa masa. Na ce, “Don Allah ka bari. Wa kaka kai ma ƙara, wanda ya ci sa nasu?” Ya ce, “Shi babba na, bai san abin da aka yi ba.” Na yi kuka, na turo yayarsa, duk a banza.

Ranar buɗewa gari ya cika, har mutanen Kiyeshe da Tibiri sun zo a kan amalanke. Na tsaya cikin mata da goyona. Minista na zaune a inuwa, kumandan a hagunsa, Alhajin nan a damansa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Wannan zama kaɗai ya ishe ni bayani.

Aka gama jawabi, aka yi tafi, sai na ga maigidana ya miƙe da hularsa a hannu. Ya ce, “Ranka shi daɗe, maganag gonata ta.” Alhajin ya sunkuya ya raɗa wa minista wani abu. Minista ya ɗago ya dube shi, ya ce a hankali, “Kai ne mai ƙane a Gana?”

Ƙanensa goro yake saye a Kumasi, kowa ya sani. Amma a lokacin ana cewa can haramtattun suke taruwa, kuma wannan tambaya ta isa a ɓatar da mutum. Makaɗa suka tsaya. Na ga gardi biyu, dogaran gwamnati, sun bar jikin bango suna zagayowa ta bayansa, shi kuma ya buɗe baki zai ci gaba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na toshe hanci na rangaɗa guɗa har ɗan da ke bayana ya firgita. Na kutsa tsakiyar fili na ce da ƙarfi, “Kunya gare shi, ranka shi daɗe. Gonatai ya tashi ba parti kyauta, kamar yadda manya sunka ba da gida.” Mata suka kama guɗa ba su san kan zance ba, makaɗa suka ɗauka. Alhajin ya dube ni ya yi murmushi, shi ne ma ya fara tafi. Gardin suka koma jikin bango. Aka yafa wa maigidana atamfar parti a kafaɗa, yana tsaye yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

Har aka sake shuka bai yi mini magana ba sai ta dole. Noman aro muka koma yi a gonar kawunsa, can hanyar Dogon Kiriya. Gonarmu ta zama gidajen haya masu rufin kwano, na sha kai tallan ƙuli-ƙuli ƙofofinsu, ina sallama a daidai inda nake tonon gyaɗa. Bafulatanin nan bai dawo ba. Sai da maigidana ya tsufa, wata rana muna zaune yana kallon jikokinsa, ya ce mini, “Da ba ki yi guɗan nan ba, da ban ga waɗanga ba.” Iyakar abin da ya taɓa cewa ke nan.

Ban yi nadama ba, amma har yau in na ji guɗa sai ranar nan ta dawo mini. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in masu dukiya suka fara yi wa masu mulki kyauta, talaka ya duba abin da ya mallaka, don a jikinsa za a fanshe. Kuma kafin ka kai kuka wurin babba, ka fara duba wanda ke zaune a damansa.