Jirgina a ƙasan dam

Jama'a, yau na tarar da jirgina a nutse, wanda ya nutsar da shi kuma yana zaune yana jira na.

Kwale-kwale mai injin nan nake nufi, wanda na saya wurin Baba Ɗanjuma, tsohon masuncin da tsadar mai ta sa shi sayarwa. Wata biyu na kife shi a rana ina liƙe shi da kwalta. Jiya na kai shi dam ɗin Wasai. Yau hancinsa kawai ake gani!

Na ce, "Baba, wane azzalumi ne?"

Ya ce, "Ni ne. Duwatsu na zuba masa. Injin yana ɗakina."

Dawar gidanmu fa na sayar na sayi jirgin nan.

Ya ce, "Ku manoma komai shanyawa kuke. Katakon ya bushe ya tsattsage. Sai ya sha ruwa kwana uku zai kumbura ya haɗe. Da ka shiga yau, da a tsakiyar dam zai sauke ka."

Ya kalli hancin jirgin, idonsa ya ciko.

Ya ce, "Yaro, jirgi na sayar maka, ba makara ba."